Ficewar Nijar Daga ECOWAS: Ina Ruwanmu?

'Yan uwa ɗalibai, da ruwanmu ƙwarai, domin Nijar maƙwabciyarmu ce. An kafa ƙungiyar ECOWAS a 1975 don sauƙaƙa kasuwanci da zirga-zirga tsakanin ƙasashen Afirka ta Yamma.

Da sojoji suka hamɓarar da Shugaba Bazoum a watan Yulin 2023, ƙungiyar ta sa wa Nijar takunkumi. Najeriya ta rufe iyakar Illela da Konni na tsawon watanni, ta kuma yanke musu wutar lantarki. Daga baya Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa tasu ƙungiyar mai suna AES, suka fice ranar 29 ga Janairu, 2025.

A siyasance, ƙasashen ECOWAS sun koma 12 daga 15, kuma ba ta da ta cewa kan zaɓe a Nijar. A fannin kasuwanci, AES ta sa sabon haraji kan kayan da ake shigar musu. Ke nan hatsin da fatakenmu ke kaiwa can zai iya ƙara tsada, ciniki ya ragu.

Har ila yau, 'yan bindigar da ke addabar yankinmu ba su san iyaka ba. Muna roƙon shugabanni su ci gaba da zama tare don tsaronmu.