Idan Sojanku Ya Dawo Gida: Me Ya Sa Ake Gwajin HIV Sau Biyu?



Aikin soja ba baƙo ba ne a Zango. Hausawa suna cikin mutanen farko da aka ɗauka aikin ɗamara tun zamanin Turawa, kuma Asibitin Soja na 37, wanda aka buɗe a 1941, maƙwabcinmu ne. Har yau gidaje da dama suna da miji ko ɗa ko 'ya a bariki. Sojojin Ghana sun je aikin kiyaye zaman lafiya a Kongo a 1960, sun je Laberiya a 1990, suna kuma zuwa Lebanon da Sudan ta Kudu. Irin wannan tafiya takan raba mutum da iyalinsa watanni da yawa, ga kaɗaici, ga kuɗi a aljihu. Shi ya sa a watan Yuli na 2000 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1308, wanda ya ƙarfafa ƙasashe su ilimantar da sojojinsu kan HIV, su kuma ba su damar yin gwaji bisa son ransu, cikin sirri.

Abin da ya fi shafarku shi ne makonnin farko bayan dawowa. Gwajin da ake yi da ɗigon jini daga yatsa yana neman alamun da garkuwar jiki take fitarwa bayan ƙwayar cutar ta shiga, kuma waɗannan alamu sukan ɗauki makonni, wani lokaci har wata 3, kafin su bayyana. Saboda haka wanda ya kamu daf da barin wurin aiki zai iya yin gwaji ranar da ya sauka, sakamako ya nuna ba shi da komai, alhali cutar tana jikinsa. A daidai wannan lokaci ne kuma ƙwayoyin suka fi yawa a jini, suka fi saurin yaɗuwa. Ƙiba da ƙarfin jiki ba shaida ba ne. Mai HIV yakan yi shekaru ba tare da ko ciwon kai ba.

Don haka a yi gwaji da dawowa, a sake yi bayan wata 3, a riƙa amfani da kwaroron roba a tsakani. Na san wata 3 ba abu ne mai sauƙi ba ga ma'auratan da suka daɗe ba su ga juna ba, amma shi ne gaskiyar yadda gwajin yake aiki.

Uwargida, kada ki ɗauki maganar a matsayin tuhuma, kai ma maigida haka. Ku tafi tare, a gwada ku tare. Idan gidan mai mata biyu ne ko uku, kowace a gwada ta, domin abin da ya shiga ɗaki ɗaya yana iya zagaya sauran. Wannan shawara ta hau kan direban babbar mota da 'yar kasuwar da ke bin hanyar Aflao zuwa Lome da Legas kamar yadda ta hau kan soja. Ana yin gwajin a Babban Asibitin Maamobi da Asibitin 37, kuma sakamako yakan fito cikin kamar minti 20.

Idan an sami cutar, maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma yawanci ƙwaya ɗaya ce a rana. Wanda ya riƙe shi ba fashi, cikin kamar wata 6 ƙwayoyin cutar sukan ragu har awon jini ya kasa ganinsu, kuma muddin yana haka ba zai sa wa matarsa ta hanyar saduwa ba. Mai ciki da ta fara magani da wuri ta ci gaba har ƙarshen shayarwa tana rage haɗarin jaririnta zuwa ƙasa da kashi 5 cikin 100. Ba tare da magani ba haɗarin yakan kai kashi 15 zuwa 45. Wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa awon ciki tun watannin farko.

Akwai kuma maganin gaggawa ga wanda kwaroron roba ya fashe masa, ko aka yi wa fyaɗe, ko allurar da ta taɓa jinin wani ta soke shi. Dole a fara shi kafin awa 72 ta cika, a sha kwana 28. Kada a jira gari ya waye idan asibiti yana buɗe.

Mai tsoron tonon asiri ya sani cewa dokar Hukumar Yaƙi da Ƙanjamau ta Ghana ta 2016 ta hana bayyana sakamakon mutum ba da yardarsa ba, ta kuma hana nuna masa bambanci a wurin aiki. Cin abinci a kwano ɗaya, musafaha, ko alwala da buta ɗaya ba sa yaɗa cutar. Aska da reza kuwa kowa ya riƙe tasa, har a wurin wanzami.

Wanda ke kan magani kuma tafiya ta taso masa, ya sanar da ma'aikacin lafiya tun da wuri a ba shi na watanni. Da azumi kuma sai a mayar da lokacin shan ƙwayar zuwa bayan buɗa baki ko sahur, bisa shawarar asibitinsa.