Filinge: Kwamfutar mai DJ juriya take buƙata kafin kyau

A Filinge, cibiyar ƙasar Kurfai mai tazarar kusan kilomita 180 daga Yamai, idan kiɗa ya tsaya ana tsakiyar rawar biki, mai DJ ne ke shan kunya, wataƙila ma ya rasa aikin gaba.

Abokan gabar kwamfuta a nan uku ne: zafin Afrilu mai wuce digiri 40, ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta. Don haka masu aiko da ita daga Kwatano ko Faransa gara su fara duba batiri da fanka.

Manhajoji irin su VirtualDJ da Serato sun fi sakewa da RAM 8GB da ma'ajiyar SSD, wadda girgizar lasifika ba ta damunta. Waƙoƙi kuwa a sauke su tun daga gida, domin intanet ba ta da tabbas a filin biki.