Yaro Ya Faɗi Jarrabawa: Abin da Ake Faɗa a Damagaram da Abin da Yake Gaskiya

Ranar da ake kiran sunayen waɗanda suka ci BEPC ko BAC, harabar Lise Amadu Kuran Daga da sauran wuraren jarrabawa na Damagaram cika suke yi maƙil. Ana kiran suna, guɗa ta tashi a wani lungu. Idan takarda ta ƙare, sai ka ga waɗanda ba a kira ba suna sulalewa ta bakin ƙofa ɗaya bayan ɗaya, wani ma ba zai nufi gida ba sai duhu ya shiga. Tun daga 2024 da aka dawo da jarrabawar CFEPD ta ƙarshen firamare, har ƴan shekara goma sha biyu sun shiga wannan sahu. Kafin yaron ya isa gida an riga an yanke masa hukunci a fada da tsakar gida da zauren unguwa, kuma mafi yawan maganganun da ake yi a kansa an gaje su ne ba a auna ba. Wasu akwai ƙanshin gaskiya a cikinsu, wasu kuwa su ne ke ƙarasa yaron.

Wadda ta fi yawo ita ce: "Ba shi da kan boko." Wannan magana ba ta tsaya da ƙafarta. A 2021, cikin yara biyar da suka zauna BEPC a Nijar kusan ɗaya ne ya ci, a BAC ɗin shekarar kuma waɗanda suka ci ba su kai 25 cikin 100 ba. Ba mai hankalin da zai ce huɗu cikin biyar na ƴaƴan ƙasa daƙiƙai ne. Binciken PASEC na 2014, wanda ya gwada ɗaliban ƙasashen Afirka goma masu aiki da Faransanci, ya samu cewa a Nijar waɗanda suka iya karatu yadda ya kamata a ƙarshen firamare ba su kai 10 cikin 100 ba. A 2019 adadin ya hau zuwa wajen 30. Ƙwaƙwalwar yaran ƙasa ba ta canza cikin shekara biyar. Abin da ake yi a aji ne ya ɗan gyaru. A 2017 da aka yi wa malaman kwantaragi gwaji, kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka samu 10 cikin 20, kuma laifin bai tsaya a kansu ba, da yawansu an tura su aji ba tare da isasshen horo ba. Ga kuma ajin zana, wanda a ƙauyuka da dama ba ya tsayawa sai an girbe hatsi an samu kara, ya kuma watse da saukar ruwan farko. Yaron da ya yi shekara shida a haka, a zaune kan buhu, ana koya masa da harshen da bai taɓa ji a gidansu ba, idan ya je sizyem ya kasa, bashin shekarun baya ne ya biyo shi.

Gaskiya ne yara ba ɗaya suke ba, wani ya fi wani saurin ɗauka. Amma abin mamaki, garin nan ne ya fara nuna cewa harshe na da hannu a matsalar: a Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar mai koyarwa da Hausa da Faransanci, a 1973. Yaron da ya fara haɗa baƙi da harshen da yake mafarki da shi ya fi saurin gane me ake nufi da karatu, sannan ya ɗora Faransanci a kai.

Daga nan sai maganar bulala. "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi," in ji iyaye, wani ya ƙara da cewa shi ma da duka ya zama mutum. Na san masu faɗin haka ba ƙin ƴaƴansu suke yi ba, tsoro ne yake cin su. Sai dai mun ji labarin waɗanda aka daka suka yi nasara ne saboda su ke da bakin magana a yau. Waɗanda dukan ya kora daga lakwal suna tasha da kasuwa, ba wanda ya tambaye su. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun tattara binciken shekara hamsin da ya shafi yara sama da 160,000, ba su samu alamar cewa duka yana gyara ɗabi'a ba, sai ƙarin taurin kai da damuwa. Akwai wanda ya fi kusa da mu. A 2011 Victoria Talwar da Kang Lee sun buga sakamakon gwajin da suka yi a makarantu biyu na wata ƙasar Afirka ta Yamma, ɗaya ana duka, ɗaya ba a yi. An bar ƙananan yara a ɗaki da abin wasa a bayansu, aka ce kada su waiwaya. Yawancinsu sun waiwaya a makarantun biyu. Da aka tambaye su, kusan duk ƴan makarantar duka sun yi ƙarya, kuma ƙarya mai tsari. A ɗaya makarantar rabi da ɗoriya ne. Abin da bulala ta koya musu shi ne ɓoye laifi. Shi ya sa takardar maki ke ɓacewa a hanya, shi ya sa yaro ke cewa ya gane alhali bai gane ba, har a kai shekarar jarrabawa uba bai san ɗansa ba ya iya rabawa ba. Tsawatarwa da iyaka wajibi ne, a hana shi waya, a tsayar masa da lokacin karatu. Amma wanda yake tsoron ka ba zai nuna maka inda ya kasa ba, kai kuma ba za ka gyara abin da ba ka gani ba.

Maimaita aji fa? Nan rabin maganar gaskiya ce. Yaron da ciwo ya kwantar wata uku, ko wanda maki kaɗan ya hana shi BEPC, sake shekara na iya yi masa amfani ƙwarai. Amma a mayar da yaro aji ɗaya, darasi ɗaya, littafi ɗaya, ba a taɓa abin da ya kayar da shi ba, yawanci sakamako ɗaya ake samu, ga kunyar zama da ƙanne. Binciken PASEC ɗin ma ya nuna waɗanda suka taɓa maimaitawa suna nan a baya dai. Kuma ba sai mun je nesa neman dabara ba. Damagaram garin alarammomi ne tun zamanin da take haɗe da Barno, kuma a makarantar allo ba a cewa shekara ta ƙare kowa ya wuce ko ya faɗi. Almajiri ba ya wanke allo sai ya biya daidai. Na kusa da shi yana izu biyar, shi yana izu biyu, kowa daga inda yake. A Indiya ƙungiyar Pratham ta gina shiri kan wannan tunani, a raba yara bisa abin da suka iya, ko mene ne ajinsu, kuma gwaje-gwaje sun nuna yana aiki.

Uwa ko wa zai iya yin haka a gida da dare ɗaya. A ɗauko littafin ƙanensa na CE1 a ce ya karanta layi biyar da ƙarfi. A lura da yatsansa: yana tafiya ne ko yana tsayawa kan kowane baƙi? In ya gama a ce, "To, faɗa mini da Hausa, me aka ce?" Yaro da yawa da ake cewa lissafi ne ya kayar da su, a nan za a gane tambayar ce ba sa iya karantawa. In babu mai karatun boko a gidan, akwai ɗan maƙwabta da ke lise ko Jami'ar André Salifou.

Wasu za su ce baki ne, ko an yi masa asiri, tunda da yana na ɗaya yanzu ya koma baya. Ba ni da ja da addu'a, a yi ta. Amma a haɗa da asibiti. Yaron da ke matse ido in yana kallon allo, ko wanda kunnensa ya daɗe yana ruwa, ko wanda zazzaɓin damina ya shanye wa jini, ko mai zuwa lakwal cikinsa ba ko koko, duk haka za su koma baya. A tambaya kuma ko wani ke cin zalinsa a hanya ko a aji, musamman yarinyar da ta fara ƙin zuwa ba dalili. Shirun yaro irin wannan a bi shi a hankali, ba a gaban mutane ba.

Ana kuma cewa jarrabawa sai mai kuɗi ko mai hanya. Magudi akwai shi, hukumar yaƙi da cin hanci ta HALCIA ta sha kama masu yinsa a shekarun baya. Amma yawancin waɗanda suka ci guminsu ne, kuma uban da ke maimaita wannan magana a gaban ɗansa ya gaya masa ke nan cewa ƙoƙari banza ne.

A ɗaya gefen akwai wata sabuwar magana da ke yawo a waya, cewa komai a zuciya yake, in yaro ya ƙudurta zai yi. Tana da tushe. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck sun gano cewa yaran da aka yaba wa da "kana da ƙwaƙwalwa" sun fi saurin karaya da aiki ya yi wuya, fiye da waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu. Don haka gara a ce, "Na ga yadda ka sake wannan lissafin har ya fito." Amma babban gwajin da aka buga a 2019 kan ɗalibai kusan 12,000 a Amurka ya nuna cewa koyar da wannan tunani ɗan ƙari ne kawai yake yi a maki, kuma ga masu rauni. Ƙudurin zuciya ba ya maye gurbin malami da littafi da abinci, kuma zalunci ne a ce wa ɗan ajin zana rashin himma ce kaɗai ta kayar da shi.

Wadda ta fi damuna ita ce ta ƴan mata: "Ta faɗi, sai a yi mata aure." A ƙasar da kusan uku cikin huɗu na mata ke aure kafin shekara 18, faɗuwa ɗaya kan zama ƙarshen karatu, alhali wanta da ya faɗi sau biyu ana sake biya masa. Tun Disambar 2017 akwai dokar gwamnati da ke kare karatun yarinya har shekara 16, kuma gidan kwanan ɗalibai mata da aka buɗe a Kelle, cikin yankin Gure, don irin ƴan ƙauyen da rashin masauki ke kayarwa aka yi shi. Ƙofa ba ta rufe ga namiji ma. Ana sake zama jarrabawa a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM da makarantun fasaha na CET, akwai azuzuwan gaggawa ga waɗanda suka bar firamare. Wanda ya kalli fim ɗin Zinder na 2021, wanda ƴar garin nan Aïcha Macky ta yi kan samarin Kara-Kara, ya ga ƙarfi da basirar da ke zubewa idan aka sallama yaro da wuri.

Akwai kuma masu cewa juriya halitta ce, a bar shi duniya ta koya masa. Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawai har suka kai shekara arba'in. Cikin waɗanda suka taso a talauci da rikicin gida, kashi ɗaya cikin uku sun zama mutanen kirki masu riƙe kansu, kuma abin da ya fi haɗa su shi ne kowannensu ya samu aƙalla babba ɗaya da bai sake shi ba: kaka, gwaggo, malami, maƙwabci. Mu da ke da kawu da baba ƙarami da inna a gida ɗaya ba mu rasa wannan ba, sai dai a ranar sakamako kowa kan zama alƙali.

Don haka a daren farko a ba shi tuwo, a bar maganar. Bayan kwana biyu uba ko kawu ya je makaranta da ƙafarsa, ya karɓi takardar maki, ya zauna da malamin yaron ya tambaye shi darussan da suka ja yaron ƙasa da ranar da za a fara rajistar baɗi. Sannan a dawo a zauna da yaron, a fara da darasi ɗaya, rabin awa bayan magariba, tun damina ba ta ƙare ba.