Direban Katafila Ba Ya Ganinka

Da an ɗaure damman hatsi, samarin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji sai su kama hanyar arewa, wasu Jado inda zinariya ta ɓulla a 2014, wasu Cibarakaten. Fargabar iyaye ita ce ruftawar rami, kuma suna da hujja: ranar 7 ga Nuwamba 2021 ƙasa ta binne mutum 18 a Garin Liman, kusa da Ɗan Isa. Sai dai akwai wani haɗarin da ba a cika zancensa ba, mai yawo a kan taya.

Motar ɗibar duwatsu irin ta manyan mahaƙu, tayarta kaɗai ta fi ƙato tsawo. Direba yana can sama. Abin da ke gindinsa, da bayansa, da ɓangaren da ba ya zaune, duk a ɓoye suke gare shi, madubi ma ba ya kaiwa. In ƙura ta tashi ko dare ya yi, to sai dai Allah ya kiyaye.

Shi ya sa manyan kamfanoni ke saka wa kowace mota na'urar GPS, tauraron ɗan'adam na nuna inda take da gudun da take yi, motocin kuma suna sanar da juna. A hular kwanon ma'aikaci akwai ɗan maɓalli mai aika sigina. Ya matso, ƙararrawa ta kaɗa wa direba. A ƙarƙashin ƙasa GPS ba ya aiki, sai a koma ga rediyo da rada. Afirka ta Kudu ta wuce nan: tun Disamba 2022 dokarta ta ce inda akwai haɗarin karo, motar mahaƙa mai shan gazuwal ta rage gudu ta taka birki da kanta in direba bai yi ba.

Wa ya ga irin wannan a wurin haƙar gargajiya? Can katafila da kamiyo da tankar ruwa da kabu-kabu hanya guda suke bi, ba mai tsara su.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ba ku haɗa ido da direba ba, ɗauka bai san da kai ba. Kada ka bi ta bayan motar da injinta ke aiki. Inuwar ƙarƙashin kamiyo kuwa, na san daɗinta da rana tsaka, amma direban da ya dawo daga cin abinci ba ya leƙawa kafin ya tayar. Shugabannin rami su ware wa masu ƙafa hanyarsu, ko da jera duwatsu ne, kuma kada mota ta ja da baya sai yaron mota ya sauka ya tsaya inda direba ke hango hannunsa.