Zaɓen Na'urar Gudu Wadda Ba Ta Shan Lantarki

Da hutun da ya wuce na koma gida Congo-Russia, cikin garin Jos, na tarar likita ya umurci kawuna ya riƙa tafiyar rabin sa'a kullum saboda hawan jini. To, unguwarmu a cunkushe ta ke, ga kekuna da motoci, ga kuma ruwan sama tun daga Afrilu har Oktoba. Sai 'ya'yansa suka haɗa kuɗi don a saya masa na'urar nan ta tafiya ko gudu a wuri ɗaya, suka ɗora mini bincike. Ga abin da na koyo, ko zai amfani wani.

Asalin abin ba na wasa ba ne. A shekarar 1818 wani Bature, William Cubitt, ya ƙago irinta a Ingila don horon fursunoni. Daga baya aka mai da ita abin motsa jiki, aka sa mata injin lantarki. A 2009 kuwa kamfanin Woodway ya fito da wata mai lanƙwasa kamar cikin kwalekwale, wadda ba ta da inji sam.

Ga yadda ta ke aiki. An jera 'yan allunan roba, sun zama bel mai zagayawa bisa boris. In ka taka gaba wajen tudun, nauyinka ya ja bel ɗin baya, sauri ya ƙaru. In ka komo tsakiya ya ragu, ka tsaya ya tsaya. Watau ƙafarka ce injin. Saboda haka ko an ɗauke wuta ba ruwanka, amma fa ta fi mai inji gajiyarwa, balle a Jos, inda mu ke bisa tudu mai tsayin wajen mita 1,200.

Abu huɗu ya kamata mai saye ya duba.

Na fari, zurfin lanƙwasar. Mai zurfi saurin zamewa gare ta, ta samari ce 'yan tsere. Dattijo sai marar zurfi, mai ƙarfen dafawa dama da hagu.

Na biyu, bel da boris. Ka hau ka saurara, in ka ji ƙugi ko sarƙewa, bar ta. Ka kuma tambaya ko ana samun kayan gyaranta, gama ƙurar hunturu ba ta raga wa boris. A riƙa lulluɓe ta da zane.

Na uku, nauyi da wuri. Masu ƙarko sukan haura kilo 100, tsawonsu ya kusa mita 2, yawanci kuma ba su naɗuwa. Ka auna ƙofa da ɗaki tukuna, ka bar fili a bayanta saboda faɗuwa.

Na huɗu, kuɗi. Tana da tsada ƙwarai, amma araha ba ta ado. In hali bai kai ba, gara a nemi fili a yi ta zagayawa da ƙafa, da a sayi wadda za ta ka da tsoho.

Da na kai Kawu ya gwada, wadda na fi so ita ta kusa ka da shi tun taku na uku. Muka ɗauki marar zurfin, yanzu kullum da asuba yana bisa kanta. Don haka, 'yan'uwana, kada ku saya sai mai hawan ya hau da kansa. Gani ya kori ji.