A Landan Aka Goge, a Jos Aka Tsinta

A watan Oktoba na 2013 BBC ta sanar da cewa an gano kashi tara na wasan kwaikwayonta Doctor Who, waɗanda aka daɗe da fid da rai da su. A Jos aka same su, cikin ɗakin ajiyar wata tashar talabijin, gwangwanayen fim a jere kan kanta. Wanda ya gano su wani Bature ne, Philip Morris, da sana'arsa a lokacin ita ce bin gidajen talabijin na ƙasashe yana duba tsofaffin kayansu. Biyar daga labarin The Enemy of the World suke, huɗu daga The Web of Fear, waɗanda aka nuna a Ingila tsakanin ƙarshen 1967 da farkon 1968, lokacin da Patrick Troughton ke jan wasan. Da wannan tsintuwa adadin waɗanda suka ɓace ya sauka daga 106 zuwa 97.

An fara nuna wasan ne ranar 23 ga Nuwamba 1963, labarin wani baƙon halitta mai kama da mutum da ke ratsa zamani da duniyoyi cikin wani akwati mai siffar rumfar wayar 'yan sanda. A shekaru shida na farko an yi kashi 253, duk baƙi da fari. 'Yan gani-kashe-nin wasan sun haddace wanne ke nan, wanne babu, wace ƙasa aka sayar wa wanne. Da yawansu ba a ma haife su ba lokacin da aka nuna abin da suke nema. To me ya sa mutum zai shafe shekaru yana jiran abin da mai shi da kansa ya zubar?

Sai an fara duba yadda aka yi asarar. Ba gobara ce ta ci su ba, ba kuma sata ba. Da gangan aka goge su, bisa tsarin aiki, daga wajen 1967 har 1978. Kaset ɗin bidiyo na wancan zamani, mai faɗin inci biyu, yana da tsada da nauyi da cin wuri, kuma ana iya gogewa a sake ɗaukar wani shiri a kai. Ga ma'aikacin da ke riƙe da kasafi, kaset ɗin da ke zaune da tsohon wasa kuɗi ne a kwance. Sannan ƙungiyar 'yan wasa ta Equity ta ƙayyade sau nawa za a iya maimaita shiri da kuma cikin wane wa'adi, don kada tashoshi su cika fili da maimaici 'yan wasa su rasa aiki. Idan wa'adin ya wuce, sake nunawa sai an koma teburin ciniki. Da talabijin mai kala ya kankama a ƙarshen shekarun 1960, sai kasuwar baƙi da fari ta fara mutuwa. Babu wanda ya yi zaton wata rana za a sayi tsohon shiri a kalla a gida.

Akwai kuma sakaci irin na babbar ma'aikata. Sashen injiniyoyi ke riƙe da kaset, ɗakin adana fina-finai yana karɓar abin da aka ɗauka da fim ne kawai, sashen kasuwanci kuma yana da kwafin da yake sayarwa waje. Kowanne ya ɗauka ɗan'uwansa ya ajiye. Sai a 1978 aka naɗa Sue Malden ta zama mai zaɓen abin da za a adana, aka tsayar da ɓarnar. A shekarar ce wani masoyin wasan, Ian Levine, ya iske gwangwanayen labarin farko na Daleks, miyagun halittun wasan, an ɗaure su ana shirin zubarwa, ya tayar da ƙayar baya har aka fasa.

Begen masoyan ba a kan iska yake ba, yana da tushe guda mai ƙarfi: kwafi. Domin sayarwa ƙasashen waje, BBC kan girke kamara a gaban wani allo na musamman ta ɗauke shirin a fim mai milimita 16, tunda kusan kowace tasha a duniya tana da injin haska irinsa. Waɗannan fina-finai suka bazu Ostareliya, New Zealand, Hong Kong, Singafo, Saliyo, Habasha, Najeriya da sauransu. Sau da yawa ba sabon kwafi ake aikawa ba, tasha ce ke gama nunawa ta tura wa ta gaba. Ƙa'ida ta ce wadda ya ƙare a hannunta ta mayar Landan ko ta lalata shi ta aiko da shaida. Wato kusan duk kashin da aka tsinto a wajen BBC, wani ne bai bi umarni ba: ko ya manta, ko ya yi ƙyuya, ko ya sa a jaka ya tafi da shi gida. Masu sakaci sun fi masu kiyaye doka bin abin da ya rage na wannan tarihi bashin godiya.

Misalan da ke rura wutar suna da ban mamaki. A 1983 an tsinci kashi biyu a ɗakin ƙasa na wani coci a Landan. A tsakiyar shekarun 1980, daga Najeriya aka mayar da sassan The Time Meddler da The War Machines, don haka na Jos ba shi ne karo na farko da ƙasar nan ta fitar da BBC kunya ba. A 1991 labarin The Tomb of the Cybermen ya fito cif, kashi huɗu, daga Hong Kong. A 1999 wani kashi ya ɓullo a New Zealand a hannun mai tara tsofaffin fina-finai. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na hukumar tace fina-finai ta Ostareliya. Ta riƙa yanke wuraren da take ganin za su tsorata yara, tana adana guntayen a matsayin shaidar aiki. Yau akwai labaran da jikinsu ya ɓace, abin da ya saura sai daƙiƙun da aka haramta kallo.

Masu kallo a gida su ma sun yi nasu. Yara da matasa a Ingila sun riƙa kara rikoda a jikin talabijin, wasu ma suna haɗa waya kai tsaye, suna naɗar murya. Albarkacinsu, babu kashi ɗaya da sautinsa ya ɓace. Wani mai hoto, John Cura, yana da sana'ar ɗaukar hotunan allon talabijin yana sayar wa daraktoci da 'yan wasa, hotunansa kuma sun nuna kamannin abubuwa da dama da suka salwanta. Wannan ne, a ganina, sirrin da ya hana begen mutuwa. Da a ce komai ya tafi, da an yi haƙuri an manta. Amma mutum yana jin muryar jarumin, yana jin takun sawu da ƙarar ƙofa, yana da hoto ɗaya ko biyu, abin da ya rasa kawai motsin. Abin da ka riƙe rabinsa ya fi wanda ba ka taɓa gani ba tsayawa a rai.

Zuwan kaset ɗin bidiyo na gida, sannan DVD, ya mayar da tsohon shiri haja. Intanet kuma ta haɗa masu neman wuri guda, suka shiga tono takardun ciniki na BBC da jadawalin shirye-shirye a tsofaffin jaridun ƙasashe, suna bin sawun kowane kwafi daga tasha zuwa tasha. Wasu cikinsu sun yi aikin da ya cancanci digiri.

Amfanin wannan naci a bayyane yake. Shi ya sa gidajen talabijin na Birtaniya suka fara ɗaukar rumbunsu da daraja. Cibiyar fina-finai ta ƙasar, BFI, ta buɗe gangamin neman shirye-shiryen da aka goge a 1993, kuma ba Doctor Who kaɗai ya ci moriya ba: a 2001 an dawo da kashi biyu na wasan barkwancin Dad's Army. Inda hoto ya gagara, an koma zane mai motsi ana ɗora shi kan muryoyin da yaran nan suka naɗa, tun daga The Invasion a 2006. BBC kuwa ba ta yi wasa ba: waɗanda aka samo a Jos, da aka gyara su, ranar da aka sanar aka sa su kasuwa a iTunes. Ma'aikatar da ta zubar da kaya ita ce ta dawo tana sayar da shi ga waɗanda suka taya ta nema.

Sai dai begen yana da nasa ɓarnar. Kafin sanarwar 2013 jita-jita ta cika gari cewa an samo kusan duka. Wata jaridar Ingila har ta buga cewa an gano sama da 100 a Habasha. Da aka ce tara ne, maimakon murna wasu sai suka hau zargi: ai an ɓoye sauran, ai ana jan rai ne don a sayar da tsada. An yi shekaru ana cewa Marco Polo, labari mai kashi bakwai na 1964 da aka sayar wa ƙasashe da yawa, yana hanya. Bai zo ba.

Mafi muni shi ne abin da ɗokin ya yi wa farashi. A 2015 Morris ya bayyana cewa lokacin da ya shiga ɗakin nan na Jos, kashi na uku na The Web of Fear yana nan tare da 'yan'uwansa, amma kafin a gama shirin kwaso su ya yi ɓatan dabo, kuma yana kyautata zaton wani mai tara kaya ne ya saye. Kashin ba na banza ba ne, a cikinsa aka fara ganin Lethbridge-Stewart, sojan da ya zama ɗaya daga cikin fitattun taurarin wasan. Gwangwanin da ya yi shekaru kusan 40 babu mai kallonsa, ranar da aka san darajarsa ranar ya yi ƙafa. A 2021 dole da zane aka cike gurbinsa. Su kuma masu tara fina-finai a Ingila, da yawansu tsofaffi, suna ɗari-ɗari da fitowa: wasu na tsoron a ce kayan sata suka riƙe, wasu na gudun masoyan da za su hana su barci. Ƙarar masu nema takan sa mai riƙe da abu ya ƙara rufe ƙofa.

Lokaci ma ba ya jira. Irin wannan fim idan zafi da laima suka dame shi yakan fara warin tsami kamar ruwan khal, ya lanƙwashe, ya manne, daga nan babu gyara. Sanyin Jos, da ke kan tudu mai tsawon mita kusan 1,200, ya taimaka wa waɗancan gwangwanaye. Ba kowace ma'ajiya ce ta yi wannan dace ba. An kuma riga an duba yawancin tashoshin da suka sayi wasan, don haka ina ganin abin da zai ƙara fitowa, ɗaya ne ko biyu daga ɗakunan masu tarawa, galibi bayan mai kayan ya rasu magada sun zo kwashewa. Akwai kuma wanda babu dalilin jiransa, kamar kashin Kirsimeti na 1965 da ba a taɓa sayar wa kowace ƙasa ba.

Bahaushen da ya tashi da Samanja Mazan Fama, da Karkuzu, da Karambana, ko Cock Crow at Dawn da aka ɗauka a yankin Jos ɗin, ya san wannan ƙishirwa. Duk lokacin da wani ya ɗora guntun tsohon wasa a YouTube ko Facebook, hoto dishi-dishi, murya na rawa, sai ka ga jama'a sun yi ca: don Allah ina sauran? Rasuwar taurarin irin waɗannan wasanni, Kasimu Yero a 2017 da Usman Baba Pategi a 2023, ta ƙara tayar da tambayar. Amma kada labarin Doctor Who ya yaudare mu. Abin da ya cece shi kwafi ne da aka watsa ƙasashe da dama, da takardun ciniki da ke nuna inda kowanne ya nufa. Wasan da aka yi don masu kallon Kaduna ko Kano ko Sakkwato ba shi da irin wannan gatan. A kaset aka ɗauki yawancinsu, kaset kuwa ya fi fim saurin lalacewa, ya fi shi jan hankalin mai neman abin da zai sake ɗaukar labarai a kai. Ko kaset ɗin U-matic ya tsira, sai an samo injin da zai juya shi da makanikin da ya san cikinsa, su biyun kuma ƙaranci suke yi.

Ba wai babu dalilin sa rai ba. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗauka ya ɓace. A 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Amma shi fim ne na sinima, akwai ainihin faifansa, akwai hukuma mai alhakin ajiye shi. Wasan mako-mako na talabijin sai dai a neme shi a wurare masu tawali'u: akwatin tsohon mai ɗaukar hoto da ya yi ritaya, gidan ɗan wasan da ya roƙi a kwafa masa nasa, da kaset ɗin bidiyon da wani mai hali ya naɗa a falonsa a shekarun 1980. Waɗannan mutane sun manyanta, kuma idan aka zo rabon gado, kwalin tsofaffin kaset ba ya cikin abin da magada ke ja-in-ja a kai. Aikin da masoyan Ingila suka fara da shi tun kafin su samo ko gwangwani ɗaya shi ne rubuta sunan kowane kashi, da ranar da aka nuna shi, da waɗanda suka fito a ciki. Na Samanja da Karkuzu, yawancin wannan bayani yana kan mutanen da suka yi aikin ne, kuma su ma ana ta yi musu jana'iza ɗaya bayan ɗaya.