Tai Ci: Koyon Tsayuwa da Ƙafafu

Ku masu wuni a tsaye a kasuwar Bawku, da masu dakon doya a Salaga da Yendi, kun san ciwon ƙugu. Tai Ci motsa jiki ne daga ƙasar Sin. Asalinsa dabarar kare kai ce, amma sannu a hankali ake yinsa. Bincike ya nuna yana rage faɗuwar tsofaffi.

Kafin fita kasuwa, ku ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ku ɗan lanƙwasa gwiwa, baya a miƙe kamar mai ɗauke da tulu. Ku riƙa mayar da nauyinku daga wannan ƙafa zuwa waccan, kuna numfashi a natse, minti 10. Wanda ya kafu haka, turereniya ba ta saurin kayar da shi. Ɓarawo mai wuƙa kuwa, ku sakar masa jakar. Mai fama da jiri ya fara tuntuɓar ma'aikacin lafiya.